Titi Na Wa Ne? Tarihin Injiniyan Da Ya Tuge Danja Domin Rage Haɗari

A shekarar 2003 hukumar garin Drachten da ke arewacin ƙasar Holan ta kammala wani aiki da injiniyoyin hanya da dama suka ɗauka ganganci ne tsagwaronsa. A wata mararraba mai suna Laweiplein, inda motoci kimanin 20,000 ke ratsawa kullum, ban da dubban kekuna da masu tafiya a ƙasa, an tuge fitilun danja ƙaf, an kwashe mafi yawan allunan hanya, an rage zane-zanen da ke bisa kwalta. A madadinsu aka shimfiɗa fili mai kama da dandali, da ɗan shataletale a tsakiya, da maɓuɓɓugan ruwa a kusurwoyi. Sauran aikin kuma aka bar wa direba da mai keke da mai tafiya a ƙasa su daidaita a tsakaninsu.

Masu jiran a fara kwasar gawa ba su ga abin da suka yi tsammani ba. Cunkoso ya ragu, motocin safa sun daina dogon jira, kuma binciken da wata kwaleji ta birnin Leeuwarden ta gudanar ya nuna haɗurran da a da ke haura 8 a shekara sun koma 1 a shekara cikin shekaru biyun farko. Labari ya bazu, 'yan jarida da masu tsara birane suka riƙa tururuwa zuwa wannan ƙaramin gari, tun da gani ya kori ji.

Shekara 15 bayan haka, a 2018, gwamnatin Birtaniya, wadda a baya ta buga wa injiniyoyinta kundin jagora a kan wannan tsari, ta nemi ƙananan hukumomin Ingila su dakatar da sababbin ayyuka irinsa. Makafi ne suka matsa mata lamba har ta yi haka. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai tarihin wata tambaya da kowane birni yake amsawa, ko ya sani ko bai sani ba: idan mota da mutum suka haɗu a titi, wa zai kauce wa wani, kuma me zai sa ya kauce?

## Lokacin da titi yake na kowa

Kafin zuwan mota, titin birni a Turai da Amurka wurin zama ne da ciniki, kamar yadda yake wurin wucewa. Yara na wasa a tsakiyarsa, 'yan tireda na kasa kaya, keken doki na ratsawa a hankali. Mutum yakan tsallaka ta duk inda ya ga dama, doka kuma tana bayansa. Abin hawa mai inji shi ne baƙo, shi ake sa wa takunkumi. Dokar Birtaniya ta 1865 ta hana injin da ke tafiya a titi wuce gudun kimanin kilomita 3 a awa a cikin gari, ta kuma wajabta wani ya riƙa tafiya a gabansa riƙe da jar tuta. Fitilar ba da hannu ta farko, wadda aka kafa kusa da ginin majalisa a Landan a ƙarshen 1868, da iskar gas take aiki, kuma ba ta cika wata guda ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke kula da ita rauni.

Da motoci suka yawaita a Amurka, mutuwa ta biyo sawunsu. A cikin shekarun 1920 kaɗai mutane sama da 200,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, a birane kuma mafi yawansu masu tafiya a ƙasa ne, da yara masu yawa a cikinsu. Masanin tarihi Peter Norton, wanda ya bibiyi jaridu da takardun wancan zamani, ya nuna cewa jama'a ba su yi wata tantama ba a kan mai laifi: direba ne. Birane suka riƙa kafa hasumiyoyin tunawa da yaran da mota ta kashe, kamar yadda ake yi wa sojojin da suka faɗi a fagen fama. A 1923 mutane 42,000 a birnin Cincinnati suka sa hannu a takardar neman a tilasta wa kowace mota na'urar da za ta hana ta wuce kilomita 40 a awa.

Wannan ya tayar da hankalin kamfanonin mota da dillalansu, domin motar da ba ta gudu ba ta da kasuwa. Suka yi tsaye aka kayar da ƙudurin a akwatin zaɓe, sannan suka shiga aikin juya tunanin jama'a. Makaminsu wata kalma ce ta izgili, jay, wadda a Turancin Amurka na lokacin take nufin baƙauye. Duk wanda ya tsallaka titi ba ta inda aka keɓe ba, sai a kira tafiyarsa tafiyar baƙauye, a jarida da makaranta da bakin 'yan sikawut. A 1925 birnin Los Angeles ya mayar da izgilin doka, sauran birane suka bi sahu. Cikin 'yan shekaru reshe ya juye da mujiya: mota ta zama mai gida, mutum ya koma baƙon da ke neman izinin wucewa.

## Aƙidar raba hanya

Daga nan wata sabuwar sana'a ta kafu, wato injiniyancin zirga-zirga, kuma aƙidarta guda ce: a raba kowa da kowa, a gaya wa kowa abin da zai yi. William Phelps Eno ya rubuta wa birnin New York ƙa'idojin hanya a 1903. Danja mai lantarki ta bayyana a Cleveland a 1914. Birtaniya ta fara zana fari da baƙin layin tsallakawa a hukumance a 1951. Alker Tripp, babban jami'in 'yan sandan Landan mai kula da zirga-zirga, ya yi kira a 1942 da a killace masu tafiya a ƙasa da shingen ƙarfe a manyan tituna, kamar yadda ake killace hanyar jirgin ƙasa. Rahoton da Colin Buchanan ya miƙa wa gwamnati a 1963 ya kai maganar ƙololuwa, inda ya hango birane masu hawa biyu, motoci a ƙasa, mutane a kan gadoji da dandamali a sama.

Rabuwa ta yi amfani inda ta dace. A babbar hanyar da ta haɗa gari da gari, inda mota ke gudun kilomita 100 a awa, faɗin titi da shinge da alamu iri ɗaya sun ceci rayuka masu yawa. Matsala ta taso ne da aka ɗauko ma'aunin babbar hanya aka shigo da shi tsakiyar unguwa. Aka faɗaɗa titi, aka miƙe kwana, aka sare bishiyoyin gefe don kada mai kuskure ya ci karo da su. Direba kuwa da ido yake karanta titi kafin ya karanta allo. In ya ga kwalta shimfiɗe fetal, ƙafarsa za ta danna totur ko da allo ya ce 50. In danja ta nuna kore, ta riga ta gaya masa hanya tasa ce, sai ya ɗauke ido daga mutane ya mayar kan fitila.

## Holan ta ce ya isa

A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutane kimanin 3,300 a Holan, sama da 400 daga cikinsu yara. Ɗaya daga cikin yaran 'yar wani ɗan jarida ce mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta buge tana kan keke. Maƙalar da ya rubuta a 1972 ita ta ba da suna ga wata ƙungiyar iyaye, Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. Iyaye suka riƙa tare tituna, suna fito da tebura suna cin abinci a tsakiyar kwalta. Da rikicin man fetur na 1973 ya sa gwamnati ta hana tuƙi a ranakun Lahadi, sai mutane suka sake ganin yadda garuruwansu suke idan babu mota.

Tun kafin wannan, a ƙarshen shekarun 1960, mazauna wasu unguwanni a birnin Delft tare da wani injiniyan hukuma mai suna Joost Váhl sun fara gwada wata dabara. Suka shafe bambancin da ke tsakanin titi da dakalin masu tafiya a ƙasa, suka dasa bishiyoyi da bencina da akwatunan furanni a inda dole mota ta riƙa karkacewa. Aka kira irin wannan layi woonerf, wato farfajiyar zama. A 1976 gwamnati ta ba shi matsayi a doka: mutum na iya tafiya ko wasa a ko'ina a cikinsa, mota kuma ba za ta wuce saurin tafiyar ƙafa ba. Jamus ta yi doka makamanciyarta a 1980. Sai dai woonerf na lungun unguwa ne, inda motoci ƙalilan ke shiga. Wanda ya yi fice wajen kai shi babban titin gari shi ne wani mutumin lardin Friesland.

## Hans Monderman da duniyoyi biyu

An haifi Hans Monderman a Leeuwarden a 1945. Injiniyan gine-gine ne, kuma malamin koyar da tuƙi, daga baya aka ɗora masa aikin binciken haɗurra da kiyaye hanya a lardinsa. Shekaru ya yi yana zuwa inda aka yi karo yana auna sawun taya, yana kuma kafa tudun rage gudu da alluna kamar kowane abokin aikinsa.

A tsakiyar shekarun 1980 aka tura shi ƙauyen Oudehaske, inda mota ta kashe yara a titin da ya ratsa gari, ga shi kuma an yanke kuɗin da ake kafa tudun rage gudu da shi. Sai ya gwada wata hanya. Ya sa aka cire alluna da layin tsakiya, aka maye kwalta da jan bulo, aka sassauta gaɓar dakali, aka sa wa gefuna wani launi dabam ta yadda a ido titin ya ƙuntata alhali faɗinsa na nan. Nufinsa titin ya yi kama da abin da yake, wato cikin ƙauye. Kamar yadda ya riƙa ba da labari daga baya, da ya dawo da na'urar auna gudu ta kasa kama komai, domin ba ta karanta abin da ya gaza kilomita 30 a awa. Gudu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, alhali dabarun da aka saba da su kan rage kashi 10 ne kawai.

Daga wannan gwaji ya gina tunaninsa. A wurinsa hanya duniya biyu ce. Akwai duniyar zirga-zirga, wato babbar hanya, inda ba wanda ya san wani, gudu ya yi yawa, kuma doka da alama ne kaɗai za su iya tsare rai. Akwai kuma duniyar zamantakewa, wato cikin gari, inda mutane ke daidaita tafiyarsu da kallo da ɗaga hannu da kunya, kamar yadda ake yi a cikin kasuwa ba tare da an rubuta wa kowa ƙa'ida ba. Kuskuren injiniyoyi, in ji shi, shi ne sun cika cikin gari da kayan babbar hanya, har direba ya manta cewa a tsakanin gidajen mutane yake. Yakan ce duk wanda aka ɗauka wawa ne, to wauta zai yi.

Wannan ya yi daidai da abin da masana irin su John Adams na Jami'ar Landan suke faɗi game da halin ɗan Adam da haɗari: mutum in ya ji yana cikin aminci sai ya saki jiki, in ya ji alamar haɗari sai ya nutsu. Saboda haka Monderman ya ɗauki 'yar fargaba a matsayin kayan aiki. Direban da bai tabbatar wa ke da hanya ba zai ɗaga ƙafa, ya duba fuskar mai tsallakawa. A ƙauyen Makkinga an kwashe allunan hanya baki ɗaya. A Drachten kuwa, idan 'yan jarida suka zo, Monderman yakan juya baya ya shiga tsakiyar mararraba yana tafiya da baya, motoci na kauce masa ba ko hon.

## Yadda tsarin ya tsallaka teku

Wani mai tsara birane ɗan Ingila, Ben Hamilton-Baillie, shi ya yayata aikin Monderman a ƙasashen da ke jin Turanci, kuma shi ya yaɗa sunan da ya bi tsarin, wanda za a iya fassarawa da titin tarayya. Daga 2004 zuwa 2008 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin gwada shi a wurare bakwai a Holan da Jamus da Beljiyam da Denmak da Ingila. Garin Bohmte na Jamus ya tuge danjar babban titinsa a ƙarƙashin wannan shiri. Monderman bai ga ƙarshensa ba, domin ciwon daji ya yi ajalinsa a watan Janairun 2008.

A Ingila abin ya samu karɓuwa da sauri. Tun farkon shekarun 2000 hukumar Kensington ta Landan ta cire shingayen ƙarfe daga babban titin kasuwancinta, yawan masu jin rauni kuma ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Garin Ashford ya mayar da wani ɓangare na titin da ya zagaye shi titin tarayya a 2008. A 2011 ma'aikatar sufuri ta fitar da kundin jagora. A 2012 aka buɗe Exhibition Road, titin manyan gidajen tarihi na Landan, bayan an kashe masa kimanin fam miliyan 29 aka shafe dakalinsa ya zama shimfiɗa ɗaya daga bango zuwa bango. A shekarar dai garin Poynton ya cire danja daga wata mararraba mai ɗaukar motoci kimanin 26,000 a rana, layin motoci ya ragu, shagunan da suka mutu suka fara farfaɗowa.

## Wanda ba ya ganin fuska

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a kan wannan tsarin Monderman ya dogara kacokan: direba ya dubi mai tafiya, mai tafiya ya dubi direba, su fahimci juna. To, ina makaho?

Ga mai gani, gaɓar dakali tudu ce kawai ta 'yan santimita. Ga makaho kuwa ita ce taswirar gari. Da ita sandarsa ke gane inda aminci ya ƙare, a bakinta aka horar da karen jagora ya tsaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Landan a 2009 ya nuna gaɓar da ta gaza santimita 6 ba kowane makaho ke iya gane ta ba. Danja ma a Birtaniya tana yi masa magana, ko da ƙara ko da wani ɗan ƙarfe da ke juyawa a ƙarƙashin akwatin maɓalli idan lokacin tsallakawa ya yi. Titin tarayya ya kwashe duka biyun, ya ce masa ya yi ciniki da ido. Ƙungiyar masu karnukan jagora ta kai hukumar Kensington gaban kotu a kan Exhibition Road, har aka amince a shimfiɗa duwatsu masu ƙunya da ƙafa ke iya ji a inda dakali yake a da.

Ba makafi kaɗai ba ne. Masu bincike biyu, Simon Moody da Steve Melia, sun ɗauki hoton bidiyon dandalin Ashford suka kuma tambayi masu bi ta wurin. Sun tarar yawancin masu tafiya a ƙasa suna raɓewa ta gefe, su ne ke tsayawa mota ta wuce, wasu ma da sassarfa suke tsallakawa, mata da tsofaffi kuma sun fi kowa nuna damuwa. A 2012 motar safa ta buge wani dattijo mai raunin gani a wata mararrabar tarayya a Coventry, ya rasu. A 2015 Chris Holmes, makaho ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya wanda ya taɓa lashe zinare 9 a ninƙayar gasar naƙasassu ta duniya, ya fitar da rahoton jin ra'ayin ɗaruruwan mutane: kashi 63 cikin 100 sun ce ba su ji daɗin irin waɗannan tituna ba, kashi 35 sun ce kauce musu suke yi. Wani kwamitin majalisar wakilai ya nemi a dakata a 2017, a watan Yulin 2018 kuma gwamnati ta amsa, ta janye kundinta na 2011.

Wannan ya sa aka sake duba alƙaluman nasara da idon basira. Faɗuwa daga haɗari 8 zuwa 1 abin farin ciki ne, amma lissafin mararraba guda cikin shekara biyu bai isa a yanke wa dukkan birane hukunci ba. Sannan titin da tsoho da makaho da uwa mai goyo suka ƙaurace wa dole haɗarinsa ya ragu, ba don ya zama lafiyayye ba, sai don waɗanda za a buge sun zauna a gida. Rajistar 'yan sanda ba ta ƙirga tafiyar da aka fasa.

## Abin da aka baro a Holan

Masu kwaikwayo sun ɗauki jan bulo sun bar abubuwa uku da ba a gani a hoto. Na farko doka. Cire allo a Holan bai cire ƙa'ida ba, domin a duk mararrabar da ba alama, wanda ya fito ta hannun dama shi ke da hanya, kuma tun 2001 wannan ya haɗa da mai keke. Haka nan idan mota ta buge mai keke ko mai tafiya a ƙasa, dokar ƙasar kan ɗora wa mai mota aƙalla rabin diyya ko da wanda aka buge ya yi kuskure, in yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14 kuwa kusan kullum dukkanta. Birtaniya ba ta da irin wannan tanadi.

Na biyu yawa. Direban Holan shi ma mai keke ne, 'ya'yansa a keke suke zuwa makaranta, kuma kekunan da ke gabansa sun fi ƙarfin ya yi biris da su. Kundin tsara titunan unguwa da Birtaniya ta fitar a 2007 ma ya lura cewa da zarar motoci sun haura kimanin 100 a awa, mutane kan daina ɗaukar wuri a matsayin filin da za su sake a ciki, su koma kallonsa titin da ake tsallakawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Inda mota ta rinjaya, tarayya takan koma mulkin mai ƙarfi.

Na uku, Holan kanta ba ta taɓa mayar da titin tarayya ginshiƙin tsarinta ba. Manufar kiyaye hanya da ƙasar ta kama tun shekarun 1990 tana rarraba tituna ne gwargwadon aikinsu: inda gudu da yawan motoci suka yi sama, a ware wa keke hanyarsa dabam, inda za a cakuɗa, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. Dubban kilomitoci na keɓaɓɓun hanyoyin keke su ne suka sa yaro da tsohuwa ke tuƙa keke a ƙasar ba fargaba. Ko a Drachten da Haren, inda Monderman ya yi aiki, an zana layukan tsallakawa a wasu wuraren saboda koken mazauna.

## Hanyar Suwizalan

Wata ƙasa ta bi ta wata ƙofa dabam. A 1996 garin Burgdorf na Suwizalan ya gwada abin da daga baya aka kira yankin haɗuwa, a 2002 kuma ya shiga dokar ƙasa. Ƙa'idarsa a bayyane take, an kuma rubuta ta a allo a bakin shiga: gudu kada ya wuce kilomita 20 a awa, mai tafiya a ƙasa shi ke da fifiko a ko'ina, da sharaɗin kada ya tare hanya haka kawai. Abin da Monderman ya bar wa ladabi, Suwizalan ta damƙa wa doka. Beljiyam ta ɗauka a 2004, Faransa a 2008, Ostiriya a 2013. A birnin Biyana, da aka tambayi mazauna unguwannin da ke kewaye da babban titin kasuwanci na Mariahilfer a 2014, kashi 53 cikin 100 suka goyi bayan sauyin, aka kammala aikin a 2015.

A Birtaniya ma ƙungiyar injiniyoyin hanya ta ba da shawara a 2018 cewa a daina amfani da suna guda ga abubuwa mabambanta. Titin da mutane suka fi motoci yawa dabam, mararrabar da aka cire wa danja amma aka bar mata dakali da wurin tsallakawa dabam, titin da aka yi wa kwaskwarima kawai shi ma dabam.

## Abin da ya saura

Gardamar ba ta rushe babban abin da Monderman ya gano ba. Siffar titi ta fi allo iko a kan ƙafar direba, kuma gudu shi ne alƙali. Mutumin da mota ta buge tana tafiyar kilomita 30 a awa galibi yakan rayu, a kilomita 50 kuwa haɗarin mutuwarsa ya ninka sau da dama. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cakuɗa da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutane kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba, kusan ninki uku na Turai.

Wanda ya san titunan da ke kewaye da kasuwar Sabon Gari a Kano, inda adaidaita sahu da babur da mai kura da mai tallan kai suke saƙa tsakaninsu ba danja ba layi, zai iya cewa ai titin tarayya tsohon abu ne a gida. Kamannin yana nan, amma tarihin Drachten da Ashford ya nuna inda gizo ke saƙar. A Oudehaske ginin titi ne ya hana gudu dare da rana. Inda cunkoso ne kaɗai ke hana shi, da zarar hanya ta buɗe gudu ya dawo. A Burgdorf doka ta faɗi wanda zai jira, kuma babba ne ke jiran ƙarami. Haka nan gadar tsallakawa mai matakala da yawa, wadda tsoho da gurgu da mai ɗauke da kaya ba sa iya hawa, jikar tunanin Tripp da Buchanan ce, tunanin da ƙasashen da suka haife shi suka shafe shekaru suna warwarewa.

Birnin da ke shirin faɗaɗa titi ko cire shinge yana da tambayoyi huɗu da wannan tarihi ya bar masa. Mota nawa za su bi ta nan a awa, kuma ina za a karkatar da sauran? Me zai hana su gudu idan titi ya zama wayam da tsakar dare? Idan aka yi karo, wa doka za ta kama? Ta ƙarshe ita ce wadda Ingila ta yi jinkirin yi har sai da aka kai ta kotu: makaho da sandarsa, ba ɗan jagora, zai iya tsallakawa?